Ƙararrawar Wuyan Mitar

Gwaggo Kosara, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin lokaci ya kusa ƙure mini. Na daɗe ina karanta filin nan naki na jarida ina dariyar matan da ke rubuto miki kukan surukai, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan zauna a teburin kicin ina tauna bayan biro ba. Sunayen da za ki gani duk na sauya su, ko da yake a ƙauyenmu ko tari ka yi an san maƙogwaron wane ne.

Na ba hamsin baya da daɗewa. Muna zaune a wani ƙauye na yankin Banat kusa da kogi, ni da mijina Milutin. 'Ya'yanmu biyu sun yi aure sun koma birni, sun bar mu da agwagi da gonar tattasai. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Obrad da matarsa Slavka, kuma abin ya wuce maƙwabtaka. Tun zamanin kakanni gidanmu ne kum ɗin gidansu, wato mu ne iyayen baftismarsu. Kakan mijina ne ya riƙe uban Obrad a coci ranar baftisma, Milutin ne ya tsaya wa Obrad ranar aurensa, da aka haifi ɗansu ni na riƙe shi a gaban ruwan baftisma, ni na zaɓa masa suna Mitar, ni na yanke masa gashin fari. Kumo yake kirana, haka iyayensa ma. Kin san dai abin da muke faɗa: Allah a sama, kum a ƙasa. Ba a faɗa da kum, ba a kai ƙararsa, ko da a mafarki.

Kafin ki ɗauke ni irin matan nan masu ruwan hawaye a kusa, bari in gaya miki ni ba haka nake ba. Da muciya na reni nawa, sun sha ta a mazaunai, kuma yau ga su mutane, suna kirana duk Lahadi. Ni ma na durƙusa a kan tsabar masara a kusurwar aji, kamar kowa a zamaninmu, ban mutu ba. Lokacin da aka yi ta muhawara a talabijin kan hana dukan yara, ina cikin waɗanda suka yi tsaki. A kantin ƙauye kowa ya tofa tasa. Mai kantin ya ce nan gaba sai uba ya nemi izinin ɗansa kafin ya yi atishawa. Wata tsohuwa ta ce sanda daga aljanna ta fito, waɗanda ba su sha ta ba su ne ke kai iyayensu gidan gajiyayyu. Aka yi dariya, ni ma na yi, na sayi sukarina na dawo gida. Na faɗi wannan ne don ki san cewa in har abu ya hana ni sukuni, to ba ƙaramin abu ba ne.

Abin ya faro ne ranar Asabar ɗin Li'azaru, ranar bikin yara. Kamar yadda kowace uwar baftisma ke yi, na saya wa Mitar 'yar ƙararrawa mai igiyar ado na rataya masa a wuya, na saƙa masa kambin reshen vrba, itacen nan na bakin kogi, muka zagaya coci tare da sauran yara, gari duk ya cika da kilin-kilin. Shekarunsa bakwai, siriri ne, mai manyan idanu, ba shi da surutu. Bayan coci muka taru a gidansu cin wake da burodi, tunda lokacin azumi ne ba a cin nama, da 'yan uwan Obrad da wasu maƙwabta. Da aka gama ci na ɗauki ɗanyen reshe guda, na kira shi, don in ɗan taɓa kafaɗarsa da shi in ce ya girma kamar itacen bakin kogi. Albarka ce kawai, kowa ya san ta, kaji ma ana yi musu.

Gwaggo, yaron nan ya dubi reshen da ke hannuna, fuskarsa ta mutu. Ya juya ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da kwano cike da busasshiyar masara, ya baza ta a kusurwa da tafin hannu, a nutse, kamar mai shimfiɗa gado. Ya naɗe ƙafafun wandonsa, ya durƙusa a kai, ya miƙe hannuwa gefe da gefe. A nan na ga gwiwoyinsa. Sun yi baƙi sun yi kanta, duk ramuka ƙanana, ta hagun kuma tana da wani gyambo mai ruwa a tsakiya.

Mutanen da ke teburin suka fashe da dariya. Ƙanin Obrad ya ce a ba shi aron yaron nan mako guda ya koya wa nasa shaiɗanun. Wata ta ce ga ɗa, ba irin na birni masu zagin uwa ba. Har mijina ya ce soja ne wannan. Slavka ta kafa wa faranti ido. Ni kuwa na tsaya da reshe a hannu kamar wadda aka dasa. Hannuwan yaron suka fara rawa, ƙararrawar ta ɗan kaɗa. Obrad ya karkata kai yana saurare, sai ya yi murmushi ya ce, "Kumo, Allah Ya saka miki. Kin kawo mana maganin abin. Yanzu ba sai na tsaya a kansa ba."

Na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ne. Tun daga ranar, duk sa'ad da aka sa Mitar a kan masara, sai a rataya masa ƙararrawar. Idan ta kaɗa, ya motsa ke nan, sai a koma farko. Gonar tattasaina tana jikin katangarsu, ina cire ciyawa da la'asar sai in ji kilin, sannan in ji muryar Obrad daga rumfar da yake gyaran injuna: "Na ji. Daga farko." Ba da tsawa ba, da irin muryar da za ka ce wa mutum ya miƙo maka gishiri. Laifuffukan ma ba su taka kara sun karya ba. An bar ƙyaure a buɗe, madara ta zube, rubutu ya karkace a littafin makaranta. Wani lokaci sai rana ta sauka daga kan rufinsu ina jin abin nan yana kaɗawa, ina tsugune da ciyawa a hannu.

Abin da ya ɗaure ni shi ne Obrad ba mugun mutum ba ne a idon kowa, har da nawa. Ba ya shan giya sai ranar biki. Ba ya ɗaga wa matarsa murya. Babu taraktar da bai taɓa gyarawa ba a ƙauyen nan, rabinsu kyauta. Da aka yi wa Milutin aikin ciki, shi ya faskara mana itacen sanyi gaba ɗaya, ya jera shi, ya ƙi karɓar ko kofin kofi. In na ce wannan mutumin yana azabtar da ɗansa, wa zai saurare ni?

Na fara da mijina. Ya ce in fita harkar da ba tawa ba, ba a shiga tsakanin ɗa da uba. Ya ce kumancin nan ya girme mu duka, kuma bai taɓa ganin gidan da ya yi faɗa da kum ɗinsa ya ga da kyau ba, ya kawo mini misalin wasu mutanen ƙauyen gaba da gobara ta cinye rumbunsu. Na ce masa gobara ba ta tambayar wa ya riƙe wa a coci. Ya ce bakina ne zai ja mana, ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai na tari Slavka muna shanya wanki. Na ce ta ga gwiwar ɗanta kuwa? Ta ce tana shafa masa man kaɗe. Na ce man kaɗe ba ya hana gobe. Sai ta ba ni labarin da ya ƙara dagula mini lissafi. Ta ce marigayi uban Obrad da sarƙar shanu yake dukansa, har ya taɓa karya masa ƙashin kafaɗa, kuma duk ƙauyen sun sani, har da surukina, babu wanda ya ce kanzil. Ranar da aka haifi Mitar, Obrad ya je coci ya kunna kyandir ya rantse ba zai taɓa ɗaga hannu a kan ɗansa ba. "Kuma bai taɓa ba, Kumo," in ji ta. "Ko mari bai taɓa yi masa ba. Ki gaya mini uba nawa ne a titin nan za su iya faɗin haka." Shi a ganinsa ya fi kowa tausayi. Ranar da ake muhawarar nan a talabijin ma, ya ce shi dokar ba ta shafe shi ba, su je su kama masu bel da masu sanda.

Na je wurin malamar ajinsu kamar na je gaisuwa. Ta ce Mitar ne ɗalibin da ya fi kowa ladabi, in ta ce a zauna ba ya ko sosa kai, da ma duk ajin haka suke. Na ɗan taɓa wa limamin cocinmu zancen, ya ce in yi addu'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kanti na yi kuskuren cewa wasu iyayen suna wuce gona da iri, ban kama suna ba, wata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wai ke ɗanki ne? Naki biyun da kika rena da muciya ai ba mu kai ki ƙara ba." Sai na biya kuɗina na fito.

Can wajen ƙarshen watan Mayu ƙararrawar ta daina kaɗawa. Kwanaki na wucewa ina gona ban ji komai ba. Na gode wa Allah, na ce ga shi mutumin ya dawo hankalinsa da kansa, ban ɓata da kowa ba. Wata rana da rana tsaka na shiga gidansu mayar da rariyar da na ara. Ƙofar kicin a buɗe take. Yana nan a kusurwar, a kan masara, hannuwa a miƙe, ƙararrawa a wuya. Bai ko juyo ba. Wani ƙuda yana tafiya a kan kumatunsa, ya hau har gefen ido, ya tsaya a nan, yaron bai ƙifta ba. Numfashinsa ma sai da na zura ido sosai kafin na ga ƙirjin yana ɗagawa. Na ajiye rariyar na fito. Ashe ba a daina ba, shi ne ya ƙware.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na makon jiya. Slavka ta tafi gari karɓo takardun tafiya, ta bar mini Mitar da ƙanwarsa Vida, wadda ba ta cika shekara uku ba. Na ba su madara a tsakar gida na shiga ɗauko burodi. Ina ciki na ji kukan yarinyar. Na fito na tarar ta zubar da kofinta, shi kuma ya ɗebo masara daga bokitin agwagina, ya baza a kan siminti, ya ɗora ta a kai, ya danne kafaɗunta da hannu biyu. Tana ihu tana zillo, yana ce mata daga farko, daga farko, da muryar ubansa sak. Na fizge ta na rungume, na daka masa tsawa, abin da har yanzu yake ci mini rai. Bai tsorata ba. Ya dube ni da mamaki, kamar ni ce ban gane ba, ya ce, "Kumo, gara ta koya a hannuna. In ta iya kafin ta kai wurin Baba, ba za ta daɗe a kai ba."

Ban san me na ce masa ba. Na dai zauna a ƙasa da su biyun ina kuka, shi kuma yana tsince masarar ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa cikin bokiti don kada a yi asara.

Ga inda tsoron yake. Da zarar an rufe makaranta, Slavka za ta hau bas zuwa Ostiriya, za ta yi wata uku tana jinyar wata tsohuwa, kamar yadda rabin matan ƙauyen nan ke yi. Za a kai Vida wurin kakarta. Mitar kuwa ubansa zai tafi da shi gidan gonarsu, can tsakiyar fili, inda suke girbin alkama, inda in ka tsaya ba ka hango rufin kowa. Su biyu kaɗai har ƙarshen hutu. Obrad ya gaya wa mijina da bakinsa cewa masara ta daina aiki, yaron ba ya kuka, ba ya jin komai, horon da ba a ji kuwa ba horo ba ne, dole a nemo wani abu kafin ya taurare. Shekaranjiya na ga Obrad yana ɗora kaya a tirela, garwar mai, katifu biyu, da wani ƙaramin buhun fasasshiyar tsakuwa irin ta aikin titi, mai kaifin nan. Na ce, me za a yi da tsakuwa a gonar alkama? Ya yi mini murmushi ya ce komai yana da amfaninsa. Wataƙila rami zai cike da ita a bakin ƙofa. Wallahi ina roƙon Allah ya zama rami ne. Gwiwar hagun nan kuwa ta kumbura, yaron yana ɗingishi, kuma cikin zafin nan dogon wando ake sa masa.

Gwaggo, ya zan yi? In na kira ofishin kula da walwalar jama'a, kafin motarsu ta juya kowa ya san ni ce. Zan zama matar da ta kai ƙarar kum ɗinta, mijina ba zai iya shiga kanti ba, gidajen nan biyu da suka haɗu tun kakanni su rabu a hannuna. In suka ƙwace yaran fa, Slavka ta dawo ta tarar da gida wayam, da wane ido zan dube ta? In kuma na yi shiru, tarakta za ta fita da yaron da na riƙe da hannuna, kuma ban san wanda za ta dawo da shi ba. Ko ni ce na tsufa na zama mai raki? Kowa a nan yana cewa ba komai ba ne, har na fara shakkar idona. Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki,
Kumo ta bayan katanga


'Yar uwa,

Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba, domin ita ba ta iya jira. Na kuma sauya wasu abubuwa a cikinta bayan waɗanda kika sauya, don kare yaron.

Idonki lafiyarsa ƙalau. Gyambo mai ruwa a gwiwar yaro ɗan shekara bakwai, ɗingishi, da yaron da ya koyi hana kansa ƙifta ido, waɗannan sun wuce muhawarar kanti kan ko a daki yaro ko kada a dake shi. Ni da ke za mu iya saɓawa a kan muciya, ina da ra'ayina a kanta kuma ba irin naki ba ne, amma wannan zancen wata rana ce. Ko tsohuwar da ta ce sanda daga aljanna ta fito, da za a tube mata gwiwar nan ta gani da rana, ban yi zaton za ta maimaita ba.

Zan yi wa Obrad adalci, domin ke ma kin yi masa. Mutumin da aka karya da sarƙa, ya tashi ya rantse ba zai ɗaga hannu ba, kuma ya riƙe rantsuwar, yana ƙoƙarin ya fi ubansa ne, kuma ina jin yana son ɗansa. Kuskurensa shi ne ya ɗauka muguntar a hannu take, in an ɗaure hannu an gama. Jikin yaro bai san wannan bambancin ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne maganar da ya yi wa mijinki, cewa horon da ba a ji ba horo ba ne. Duk wanda ke auna tarbiyya da zafin da yaro ya ji, dole ya riƙa ƙarawa, tunda yaro yana sabawa. Irin wannan hanyar ba ta da wurin tsayawa da kanta, sai an tare ta. Ban san abin da buhun nan yake nufi ba, ke ma ba ki sani ba, kuma bai kamata a gano amsar a jikin Mitar ba.

Game da kumanci, mijinki ya riƙe rabin al'adar ya saki rabi. Ranar da kika tsaya a gaban ruwan baftisma, wa aka ɗora miki a hannu? Da sunan wa kika amsa tambayoyin limami? Alkawarin da kika ɗauka a wurin nan na jaririn ne. Iyayenmu da suka ɗaukaka kum har suka ambace shi bayan sunan Allah, sun yi haka ne don a samu mutum guda a wajen gida wanda zai iya shiga ya yi magana a saurare shi. Surukinki yana da wannan ikon lokacin da ake dukan Obrad da sarƙa, bai yi amfani da shi ba, kuma ribar shirunsa ce kike gani yau a kusurwar kicin. Ki gaya wa Milutin haka, a hankali, ba da gori ba.

Ga abin da za ki yi, kuma gobe za ki fara. Gwiwar ce farko. Ki ɗauki Slavka da yaron ku je asibiti, ki ce kin ga ƙafar ta kumbura kuma ba za ki bari ta ruɓe ba. Babu mai zargin uwar baftisma don ta kai ɗanta wurin likita. Idan likita ya tambayi yadda aka samu ciwon, a faɗa masa gaskiya, kada a ce faɗuwa ya yi. Likita yana da nasa nauyin a irin wannan, kuma daga nan maganar ta daina zama taki ke kaɗai.

A hanyar dawowa ki gaya wa Slavka abin da ya faru da Vida a tsakar gidanki, kalma da kalma, har da abin da Mitar ya ce. Na lura ba ki ce kin gaya mata ba. Tana kare mijinta ne da labarin jiya, ki nuna mata abin da ke faruwa da 'ya'yanta yau. Ki ce mata kada ta hau bas ɗin nan sai an san inda yaron zai kwana. Na san kuɗin Ostiriya ba abin wasa ba ne ga gida irin nasu, shi ya sa za ki ba ta mafita: Mitar ya zauna a wurinki har ta dawo.

Wannan roƙon kuma Milutin ne zai kai shi, da ke a gefensa, a teburin Obrad, ba a gaban baƙi ba, ba kuma a gaban yaron ba. Ku ce gidanku ya yi muku girma, kuna roƙon a ba ku ɗan baftismarku ya yi hutu a wurinku, ƙafarsa ta warke. Al'adar da ta hana ki faɗa da kum ita ce ta hana shi mayar da roƙon kum. Ku ba shi hanyar da zai amince ba tare da ya ji an tozarta shi ba, domin mutumin da aka kunyata a waje, a kan ɗansa yake hucewa. In ya buɗe ƙofar magana, Milutin ya ce masa ya san abin da ubansa ya yi masa, kuma ya yi baƙin cikin cewa babu wanda ya shigo a lokacin. Mai yiwuwa babu wanda ya taɓa gaya masa haka.

In ya ƙi, ko ya yi dariya ya ci gaba da ɗaure kaya, to a ranar za ki kira ofishin nan, kafin tarakta ta fita, ko mijinki ya yarda ko bai yarda ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da za su yi ba. Abin da na sani daga wasiƙun da suka ratsa hannuna shi ne raba yara da gidansu ba shi ake farawa da shi ba, musamman in akwai uwa da ta tsaya, da kuma gida irin naki a shirye. Ko da ya amince ya bar miki yaron, kada ki ɗauka an gama. Hutu zai ƙare, kusurwar tana nan, kuma Obrad yana bukatar wanda ya san aikin ya zauna da shi.

Mitar kuma kada ki ƙara yi masa faɗa a kan ƙanwarsa, ki ma nemi afuwarsa kan tsawar nan. Abin da ya yi, a iya saninsa, ƙauna ce. Ki gaya masa da kalmomi masu sauƙi cewa a gidanki ba a durƙusa a kan komai, cewa zubar da madara ba laifi ba ne, kuma kare Vida aikin manya ne. Ba zai yarda da ke nan take ba. Ki yi ta maimaitawa.

Mutanen kanti za su yi magana, ki bar su. Su ne dai za su fara cewa ai mun daɗe da sani, ranar da wani abu ya faru. Mai yiwuwa Obrad ya daina gaishe ki, mai yiwuwa ki rasa kujerarki a teburinsu ranar biki, kuma zai yi miki ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Mace mai shekarunki tana iya ɗaukar wannan. Yaron da ya zauna yana koya wa 'yar shekara biyu yadda ake jure azaba ya riga ya yanke wa kansa cewa babu wani babba da zai zo. Ki ƙaryata shi, kuma ki yi hakan kafin a rufe makaranta.

Allah Ya ƙarfafa zuciyarki, Ya sassauta ta Obrad, Ya ba ƙafar yaron nan lafiya, Ya raya shi da ƙanwarsa cikin aminci.

Gwaggo Kosara